Rabin Ƙwaya

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, wai in sa Auta ta sarara wa uwarta, na ji ku. Amma ku bari mu shiga ɗakin likitan nan tukuna. Kowa ya ji da kunnensa, sannan ku zaɓi wanda za ku yi fushi da shi.

*

Mama ba ta ji an kira su ba. Sai da Auta ta taɓa mata gwiwa.

"Mama, tashi. Mu ake jira."

"Idona biyu."

"Na ga alama," in ji Auta, ba ta ko kalle ta ba.

Mama ta miƙe yadda ciwon baya ya koya mata shekara da shekaru: hannu ɗaya a kan kujera, ɗaya a ƙugu, sannan a tsaya a jira ƙashin ya yarda. Mijinta, Kafinta, ya miƙo mata hannu ta kama. Auta ta yi gaba da jaririyarta a kafaɗa, yarinyar da aka sa wa sunan Mama, kowa a gidan ke kiranta Takwara.

A kan yarinyar nan suka zo.

Shekaranjiya Auta ta dawo daga aiki ta tarar da ƙofar falo a buɗe, Mama zaune tana barci da cokali a hannu, Takwara kuwa ta rarrafa har bakin matakalar bene tana leƙen ƙasa. Tun ranar Auta ta yanke magana: in likita bai nemo dalilin barcin nan ba, gidan raino za ta kai 'yarta, Mama ta gama riƙon jika.

Mama ta san ya kamata ta ji kunya. Ta laluba a cikinta, ba ta same ta ba. Haka ta lalubi tsoro, shi ma babu. Watannin nan komai daga nesa yake zuwa mata, magana, abinci, har faɗan Auta. Abu ɗaya ne ya rage da take ji har cikin jikinta, nauyin Takwara a cinyarta da 'yan yatsun nan masu ja mata kunne. In aka ɗauke wannan, ba ta san me zai sa ta sauko daga gado da safe ba.

Likitar mace ce, siririya, da tabarau a kan goshi. A kan teburinta akwai ƙashin baya na roba, Takwara na ganinsa ta fara miƙa hannu.

"Sannu Mama. Yaya bayan?"

"Yana nan inda kika bar shi."

Likita ta yi murmushi. "To barcin fa?"

Auta ta riga ta. "Likita, wannan ba barci ba ne. Kina mata magana, tana amsawa, sai kawai ki ga kai ya faɗi. Ranar nan da ruwan zafi a hannunta."

"Ruwan ɗumi ne," in ji Mama.

"Mama, don Allah!"

"A bar ta ta faɗa min da bakinta," in ji Likita. "Mama, yaushe yake fi kama ki?"

"Bayan karin safe."

"A hankali yake zuwa?"

"A'a. Kamar an ɗauke wuta."

"Ciwon kuma?"

"Kafin rana ta raba ya dawo. Har ya fi na da."

Likita ta sauko da tabarau kan hancinta, ta duba allon kwamfutarta, ta sake duban Mama.

"Wannan bai yi kama da maganin da na rubuta miki ba. Mai ƙarfi ne, na sani, kuma yana sa gyangyaɗi a farkon fara shi. Amma yawanci jiki na sabawa. Kuma an yi shi ne ya riƙe ki tsawon yini, ba ya buge ki ya gudu ba. Kina haɗa shi da wani abu? Maganin mura, na tari, na barci?"

"A'a."

"Wanda maƙwabciya ta ce ya yi mata aiki?"

"Maƙwabciyata ba ta ko ba ni gishiri."

Kafinta ya yi 'yar dariya, shi kaɗai. Tun da suka shigo hannunsa na kan aljihun rigarsa, ya dafe wani abu mai tudu.

"To yaya kike shan shi?" in ji Likita.

"Baba ne ke ba ta," in ji Auta. "Shi ya karɓi aikin tun farko. Ba ya fashi, wannan kam na shaida."

Likita ta juya. "Baba, da ruwa take haɗiye shi?"

Kafinta ya gyara zama. Ya kalli fanka, ya kalli takalminsa.

"A shayi."

"Tana kora shi da shayi?"

"A'a. A cikin shayin."

Takwara na ta buga ƙashin roba da tafin hannu.

"Daka shi kake yi?" in ji Likita.

"Da bayan cokali. Luƙui, ko gari bai kai shi ba." Ya saci kallon Auta. "Amma ba dukansa ba. Rabi."

Auta ta juyo gaba ɗaya. "Rabi kamar yaya, Baba?"

"Auta, ki saurare ni. Satin farko da aka ba ta maganin nan, ina mata magana tana lumshe ido. Matar da ko a mota ba ta barci. Na ce abin nan ya yi mata yawa. Ni kuwa a aikina, in ƙofa ta yi wa gurbinta yawa ba na jefar da ita, rage ta nake yi. Sai na samo sabuwar reza, na ɗora ƙwayar a kan katako na raba ta biyu. Daidai wa daida, Likita, ko ma'auni kika sa ba za ki ga bambanci ba."

Har da ɗan alfahari a muryarsa, bawan Allah. Mutum ne da bai taɓa yanka katako a karkace ba, kuma ya ɗauka duk duniya haka take.

"Me ya sa ba ka dawo ka gaya min ba?" in ji Likita.

"Na ga kin yi karatunki kin rubuta. Na ce ba sai na zo ina gyara miki ba."

"Sai ka gyara a gida."

Kafinta ya sunkuyar da kai.

Likita ta cire tabarau gaba ɗaya ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ƙwayar nan ba irin wadda ka sani ba ce. An haɗa ta ne yadda maganin zai riƙa fita kaɗan-kaɗan, kamar famfo mai ɗiga, daga safe har yamma. Da ka yanka ta ka daka, tankin ka fasa. Abin da ya kamata ya shiga jininta a hankali, sai ya afka mata lokaci ɗaya. Shi ne barcin. In ya wuce kuma babu sauran abin da zai tare ciwon, shi ne azabar da take sha da rana."

"Amma rabi ne fa..."

"Rabin da aka daka yana iya fin gudan da aka haɗiye buguwa. Kuma ba barci kaɗai yake sa wa ba, yana rage numfashi. Akwai waɗanda irin wannan barcin ya ɗauke su ba su farka ba."



Auta ta miƙe tsaye da yarinyar a hannu.

"Baba! Wata nawa? Wata nawa ina ce wa matar nan ta zama 'yar ƙwaya? A gabanka na faɗa! Kana zaune kana gyara ƙafar kujera, ba ka ce uffan ba!"

"Na ɗauka in na rage, zai..."

"Ka ɗauka! Na je gaban mijina na ce uwata ba abin bar wa yaro ba ce. Na kira Yaya a waya ina kuka na ce Mama ta lalace. Ashe kai ne!"

"Auta," in ji Mama.

"A'a Mama, bar ni!"

"Ubanki ne. Zauna."

Auta ta zauna, tana huci.

Duk wannan tashin hankali Mama na kallonsa ne kawai. Ba ta yi mamaki ba, don babu abin mamaki a ciki. Ta daɗe da sanin zancen rezar.

Wata rana ce da tsakar rana, Kafinta ya tafi shago, Auta na wurin aiki, Takwara ta yi barci. Ciwon ya taso mata tun daga ƙugu har tafin ƙafa, ta kasa zama, ta kasa kwanciya. Da rarrafe ta shiga ɗakin ajiya tana neman ko man zafi ne. A bayan akwatin kayan aikinsa ta ga wani ɗan asusu na katako, sabo fil, an goge shi sumul, da 'yar tsaga a sama. Ta girgiza, ya yi ƙara. Ta kwance sukurun gindinsa da bakin wuƙa.

Rabi-rabin ƙwayoyinta ne suka zubo mata a hannu.

Nan take ta gane komai. Ba ta yi fushi ba, ba ta da ƙarfin fushi. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki ta tauna, ɗacin ya cika mata harshe. Kafin ta koma falo ciwon ya fara ja da baya.

Washegari ma haka. Da jibi.

Shi yana jefa rabi da safe, ita tana cirewa da rana. Don kada ya ji asusun ya yi shiru, duk wanda ta ɗauka sai ta mayar da farin maɓalli a madadinsa, daga gwangwanin ɗinkinta.

Barcin shekaranjiya, wanda ya kai Takwara bakin bene, ba na shayin safe ba ne. Nata ne na rana.

Yau ma kafin su fito ta tauna ɗaya, don ta san kujerar mota ba za ta raga mata ba.

"Mama, kina ji na?"

Ta ɗago. Likita ce.

"Ina ji."

"Abin da za mu yi ke nan. Ba za mu tsayar da maganin farat ɗaya ba, jikinki ya saba da shi, zai wahalar da ke. Zan rubuta miki mai ƙaramin ƙarfi, tunda rabi kike sha duk tsawon lokacin nan. Ki haɗiye shi guda da ruwa. Ba yanka, ba daka, ba tauna."

"To."

"Kwanakin farko kada a bar ki ke kaɗai da yarinya, har mu ga yadda jikin ya karɓa. Ki riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, zan kuma tura ki wajen masu gashin ƙashi. In gyangyaɗin bai ragu ba, mu canja wani maganin, akwai hanyoyi da yawa. Amma duk abin da kika ji, nan za ki kawo shi. Ba shagon kafinta ba."

Kafinta ya goge ido da hannun riga. "Allah ya huci zuciyarki, Likita."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba."

Auta ta matso gaban kujerarta. Muryarta ta yi ƙasa.

"Likita, ke nan za ta warware? Za ta koma yadda take?"

"Ciwon bayan ba zan miki alkawari a kansa ba. Amma in abin da Baba ya faɗa shi ne duka labarin, barcin nan zai tafi."

In shi ne duka labarin. Mama ta ji maganar ta wuce ta gefen kunnenta. Ta kuma ji wani abu daban, wanda ta fi kowa saninsa: ɗumi yana hawowa daga gwiwoyinta, hannayenta suna yin nauyi, muryoyin ɗakin suna ja da baya. Wanda ta tauna kafin su fito ne ya fara aiki.

Ta danna farcen babban yatsa cikin tafin hannunta. Ko zafin ba ta ji sosai ba.

"Saura abu ɗaya," in ji Likita. "Baba, ɗaya rabin fa? Ina kake kai shi?"

"Ajiyewa nake. Kullum sabuwa nake ɓarewa, don kada Auta ta ga katin maganin bai ƙare a kan lokaci ba."

"Sannu da dabara," in ji Auta.

"Suna gida?" in ji Likita. "Gidan da ke da mai rarrafe? Guda ɗaya in ta shiga bakin yarinyar nan..."

"A'a, a'a, Likita. Wannan kam na yi tunaninsa." Ya zura hannu a aljihu ya fito da asusun, ya ɗora a kan tebur. "Da hannuna na yi shi. Abu yana shiga, ba ya fita. Dama na taho da shi ne, na ce yau ko ba ki tambaya ba zan faɗa, na gaji da riƙewa."

Ya girgiza shi. Ya yi ƙara.

"Madalla. Buɗe ka ba ni, mu za mu zubar da su yadda ya dace."

Kafinta ba ya rabo da ɗan sukudireba a aljihun gaba. Ya ciro shi, ya kifa asusun a cinyarsa, ya fara kwancewa. Sai ya dakata. Ya kai sukurun kusa da idonsa, ya shafa kansa da yatsa. Duk ya ci, an ƙwarzane shi da abin da ba sukudireba ba.

Ya ƙarasa kwancewa, ya karkata asusun cikin tafin hannunsa a ƙarƙashin tebur.

Mama na kallon fuskarsa.

Ya daɗe yana duban hannun. Sannan ya ɗago ya dube ta. Auren shekaru masu yawa, bai taɓa yi mata irin wannan kallon ba. Babu faɗa a ciki, babu tuhuma. Tsoro ne zalla.

Ya dunƙule hannun.

"Baba?" in ji Likita.

"Kai, tsufa," in ji Kafinta, ya ƙaƙalo dariya. "Likita, kin ga shirme. Biyu na yi iri ɗaya, ɗaya na maganin, ɗaya na tarkacen ɗinkinta. Na tarkacen na ɗauko. Gobe da sassafe zan kawo miki na gaskiyar."

Likita ta girgiza kai tana murmushi. "Ka tabbata gobe. Kuma yau a ɗora shi inda hannu ba ya kaiwa."

"In sha Allahu."

Ta juya ga kwamfutarta ta fara rubutu.

Auta ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban uwarta, a nan kan tayil ɗin asibiti. Hawaye sun wanke mata fuska.

"Mama, ki yafe min. Na faɗa miki maganganun da ko maƙiyi ban faɗa wa ba. Ashe ke ma cutar ki ake yi."

"Tashi, Auta. Mutane na shigowa."

"Ba zan tashi ba sai kin ce kin yafe."

"Na yafe."

"Babu zancen gidan raino. Na janye. Zan ɗauki hutu in zauna da ku kwanakin da Likita ta ce, daga nan ki ci gaba da riƙon abarki. Wa zai raba ki da takwararki?" Ta ɗaga yarinyar. "Je ki wajen kakarki, kin ji? Kwana biyu kin yi kewarta."

Ta ɗora ta a cinyar Mama.

Nauyin nan. Ɗumin nan. Takwara ta yi dariya, ta miƙa hannu ta kama kunnen kakarta ta ja, kamar kullum.

Mama ta jira ta ji abin da ta saba ji.

Ya zo, amma daga nesa. Fatar idonta ta yi nauyi. Fuskar Auta ta rabu biyu, ta sake haɗuwa. Ta ce wa hannayenta su riƙe, suka amsa a makare. Yarinyar ta ɗan zame zuwa gwiwa, kaɗan ƙwarai, Auta na share hawaye ba ta lura ba.

Kafinta ya lura. Ya yunƙura rabin tashi, hannunsa ɗaya a miƙe, ɗayan a dunƙule. Ya girgiza mata kai a hankali, yana roƙonta da ido ta yi shiru.

Shiru kawai za ta yi. Su fita daga ɗakin nan, a hau mota, a koma gida da Takwara a hannunta. Babu wanda zai taɓa sani, mijinta ya riga ya rufe.

Ta dubi ƙeyar yarinyar, inda gashi bai gama fitowa ba.

"Auta."

"Na'am, Mama?"

"Ɗauke ta."

Auta ta yi dariya cikin hawaye. "Haba Mama, har yanzu fushi kike?"

"Ɗauke ta, na ce. Yanzu. Hannuna ba ya riƙewa."

Dariyar ta tsaya. Auta ta cafe 'yarta ta rungume, tana kallon uwarta, tana kallon ubanta.

Likita ta daina rubutu.

"Maman yara," in ji Kafinta, "don girman Allah..."

Mama ta juya gare shi da ƙyar. Harshenta ya yi nauyi, amma kalmomin sun fita sarai.

"Malam, buɗe hannunka Likita ta gani."